Yarinyar da Ke Yi Mana Girki

Tun da ta idar da sallar asuba Bilqis ba ta koma kan katifa ba. Kicin ta wuce, ta ɗaura zani a kan rigar barcinta, ta ciro dankalin turawan da ta ɗan tafasa jiya da yamma ta sa a firji. Sai ya kwana cikin sanyi yake goguwa ba tare da ya dame ba, wannan ta daɗe da ganowa.

Ta jawo abin goga kuɓewa ta shiga goge shi cikin faranti, tana yi tana murmushi ita kaɗai.

Yau Hajiya Daso, mahaifiyar Zahraddeen, za ta karya kumallo a ɗakinta.

Hafsa, wadda suke haya tare a wannan ɗan gida na bene da ke unguwar Danau Kota, a ƙasar da suka zo karatu, ta leƙo tana murza ido.

"Wai ke ba ki yi barci ba ne? Tun ɗazu nake jin ƙarar kwanuka."

"Zo ki yanka min albasa, don Allah. Kan gas ɗin nan guda ɗaya ke aiki, komai sai ya bi layi."

Hafsa ta ɗauki wuƙa tana hamma. "Surukar guda za a ba ƙwai da dankali? Ba ƙosai, ba kunun gyaɗa?"

"Shi ya ce in yi irin wanda na saba. Wai tun da ta sauka ƙasar nan ba ta ci abin kirki ba, komai ta ɗanɗana sai ta ce kwakwa da sukari take ji."

Wannan kumallo ba wani abin a zo a gani ba ne, na ɗalibai ne. A shekararta ta farko a ƙasar Bilqis ta ƙirƙiro shi, lokacin da ta ga idan ta biye wa cin abinci a shagunan abincin unguwa da ake kira mamak kullum safiya, guzurinta ba zai kai ta ko'ina ba. Dankali da ƙwai da albasa daga kasuwar unguwa, waken gwangwani, burodin da aka rage wa farashi don ya kwana, sai sosej ɗin kaza idan wata bai yi nisa ba. Mutum ya ci shi da safe, to sai la'asar zai tuna da yunwa.

Shi ne kuma silar haɗuwarsu. Zahraddeen a hawan da ke samansu yake. Ƙamshin ya dinga hawa masa ta taga har ya kasa haƙuri, wata Asabar ya sauko ya yi sallama, ya ce a taimaki bawan Allah. Daga aika masa a kula aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka kai ga alkawarin aure.

Hafsa ta ture albasar gefe tana share hawayen da ta sa ta. "Ke dai Allah Ya sa ya faɗa mata ko ke wace ce."

"Yau zai faɗa. A gabana. Da farko cewa ya yi in dafa ya zo ya ɗauka, ni na ce ban yarda ba, sai dai ya sauko da ita ta gan ni."

"Kuma ya yarda da daɗin rai?"

Bilqis ta koma kan aikinta. Ta juye gogaggen dankalin cikin ƙyalle mai tsabta, ta murɗe shi da ƙarfi har ruwan ya tsane, ta barbaɗa gishiri da masoro, ta shimfiɗa shi cikin kasko mai zafi ta danne da bayan ludayi.

Gaskiyar magana, sai da ta yi fushi kafin ya yarda. Amma ba ta son tuna wannan, don yana jawo mata maganar yayanta Alkasim, wanda ke digirinsa na uku a wata jami'a da ke can unguwar Lembah Pantai. Tun ranar da ya fara ganin Zahraddeen ya ce yaron bai kwanta masa ba.

"Ba mugu ba ne," in ji shi, "amma irin yaran nan ne da ba su iya tsayawa su ce a'a. Ga Najib nan yana ta yi min sintiri a kanki, mutum mai magana ɗaya, kin ƙi ko kallonsa."

Ranar har kuka ta yi wa Yaya Alkasim. Ta ce bai san Deen ba ne. Ta yi sati ba ta ɗaga wayarsa ba.

Ƙasan dankalin ya yi ja ya ƙame. Ta kife shi a faranti ta mayar da ɗaya gefen. Bayan ta sauke, ta soya sosej a cikin man da ya rage, sannan albasa da tumatir da 'yan ƙananan barkonon ƙasar nan masu rashin mutunci, ta juye waken gwangwani a kai don ya daina wannan zaƙin nasa na banza. Burodin ta shafa masa bota ta gasa a kasko. Ƙwai ne na ƙarshe. Shayi kuwa da citta da kanumfari ta dafa shi, ta zuba madarar gwangwani ta ɗaga shi sama har ya yi kumfa.

Ta yi wanka, ta sa atamfar da ta daɗe tana ɓoyo, ta yafa babban mayafi. Tana cikin shimfiɗa leda a tsakar falo aka buga ƙofa.

Zahraddeen ne a gaba, cikin farar shadda, idonsa na ƙasa. Bayansa wata dattijuwa ce fara mai jiki, da tabarau a kan hanci da zoben gwal a yatsu. Sai wata siririyar yarinya a ƙarshe, lulluɓe cikin lufaya, hannuwanta da ƙafafunta sun sha lalle. Ita ce Walida, wadda Deen ya ce wa Bilqis 'yar ƙanin babansa ce, ta rako Hajiya bikin yaye shi.

Bilqis ta zube har ƙasa. "Sannu da zuwa, Hajiya. Ina kwana? Ya gajiyar hanya?"

"Lafiya lau, yarinya." Hajiya Daso ta bi falon da kallo, daga tsohuwar kujera zuwa fankar da ke ƙara. "Nan ne wurin?"

"Nan ne, Hajiya," in ji Zahraddeen.

Aka zauna. Bilqis ta jera faranti, ta tsiyaya shayi. Hajiya ta cire tabarau ta ajiye a hannun kujera, ta yi bisimilla, ta gutsuri dankalin ta haɗa da ƙwai ta kai baki. Ta tauna. Ta sake kai hannu.

Sai da farantin ya kusa rabi sannan ta ɗago.

"Kai, Alhamdulillahi," ta ce tana kurɓar shayi. "Yau dai na san na ci abinci. Auta, ashe da gaskiyarka. Wannan ce yarinyar?"

Bilqis ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

Zahraddeen ya yi gyaran murya. "Eh, Hajiya. Ita ce... ita ce yarinyar da ke yi mana girki."

Bilqis ta ɗago a hankali. Ta ɗauka kunnenta ne bai ji daidai ba. Ta jira ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba, sai ya ɗauki kofi ya kafa kai yana hura shayin da ya riga ya huce.

Daga ƙofar kicin ta ji Hafsa ta ja numfashi.

"Madalla," in ji Hajiya. "Sana'a ai ba abin kunya ba ce. Ya sunanki?"

"Bilqis."

"Iyayenki suna nan ƙasar?"

"Suna Kano. Karatu na zo, ina digiri na biyu."

"Suna raye suka turo ki wata uwa duniya ke kaɗai, ba aure?" Hajiya ta girgiza kai. "Allah Ya kyauta. Ni dai ban ga abin da zai sa in saki 'ya mace haka ba. To amma hannunki na da albarka, wannan ba a musu. Dama ina neman wadda za ta yi mana girkin walima. Kin hutar da ni."

"Walimar kammala karatu?"

"Har da ita. Amma babbar ita ce ta tarbar amarya." Ta nuna Walida da bakin cokali. "Ga ta nan. Tun bayan ƙaramar salla aka ɗaura musu aure a gida, shi yana nan yana fama da jarrabawa. Na ce tunda zan zo, bari in kawo masa matarsa da kaina. Ran Asabar za mu tara 'yan Najeriyar da ke nan a yi addu'a. Ki yi irin wannan ɗin da yawa, za a sallame ki yadda ya kamata."

Fankar ta ci gaba da ƙararta. Walida ta ƙara jan lufaya ta rufe fuska don kunya.

Bayan ƙaramar salla.

Bilqis ta tuna da bayan ƙaramar salla. Lokacin ne ya kwanta zazzaɓi, ta dinga dafa masa farfesu tana ba maigadi ya kai masa. Lokacin ne suka je unguwar Brickfields ya tsaya gaban shagon gwal ya ce ta nuna irin zoben da take so. Ashe duk da igiyar aure a wuyansa yake wannan.

Ta gyara durƙusonta.

"Hajiya, ki gafarce ni, ke uwa ce. Amma ni ba mai sayar da abinci ba ce. Ban taɓa sayar wa kowa ko ƙwai ɗaya ba. Ɗanki cewa ya yi zai aure ni. Ya yi min alkawarin yau zai faɗa miki, shi ya sa na hana kaina barci."

Cokalin Hajiya ya tsaya a sama.

"Me kika ce?"

"Ga shi nan zaune. Ki tambaye shi."

Hajiya ta juya gaba ɗaya. "Auta. Me nake ji haka?"

Gumi ya tsattsafo a goshin Zahraddeen. Ya dubi uwarsa, ya dubi Walida, ya dubi bango. Bilqis kaɗai bai duba ba.

"Hajiya, ba haka ba ne. Mutunci ne kawai irin na maƙwabta. Ina ga ita ce ta ɗauki abin da nisa."

"Innalillahi!" Hafsa ta faɗa da ƙarfi ta fito daga kicin. "Zahraddeen, ka ji tsoron Allah! Mutunci? Kai da ka je har gaban yayanta ka durƙusa?"

"Ke kuma wa ya sa da ke?" Hajiya ta daka mata tsawa. Ta ture farantin da ƙafa har miyar wake ta zuba a leda. "Dama an faɗa min! An ce 'yan matan ƙasar waje da girki suke kama 'ya'yan mutane. Shi ya sa duk wayar da zan yi masa sai ya ce ya ƙoshi. Allah kaɗai Ya san abin da ake barbaɗa masa a ciki!"

Bilqis ta miƙe tsaye.

"Gishiri ne da barkono, Hajiya. Shi kika ci yanzu kika yi hamdala. Ubana malamin makaranta ne, bai turo ni nan don ya gaji da ni ba, ƙoƙarina ne ya kawo ni. Ban taɓa taka ƙofar ɗakin ɗanki ba. Shi ya sauko ya buga tawa."

"Kin ji fitsara! Ni kike mayar wa magana?"

"Ban isa ba. Amma ba zan tsaya a zagi tarbiyyar iyayena a ɗakina ba."

Hajiya Daso ta yunƙura ta tashi tana haki, ta figi jakarta. "Tashi mu tafi! Walida, wuce! Kai kuma za ka yi min bayani a sama."

Zahraddeen ya bi bayansu kamar wanda aka ja da igiya. Ko waiwaye bai yi ba.

Hafsa ta ja ƙofar waje ta ƙarfe mai raga ta datse da kwaɗo, ta bar ta katakon a buɗe don iska. Sai a lokacin Bilqis ta sulale a jikin bango ta fashe da kuka, irin kukan da ba na baƙin ciki kaɗai ba ne, har da takaici.

"Yarinyar da ke yi musu girki, Hafsa! Ni! Kin ji shi da kunnenki?"

"Na ji. Yi haƙuri."

"Wane haƙuri? Na ɓata da Yaya Alkasim a kansa. Na ce wa Ummata ta daina yi min maganar kowa, na samu miji. Da wane ido zan kalle su?"

Hafsa ta rungume ta. Sun daɗe a haka, abincin na sanyi a kan leda, kafin suka ji takun mutum da sauri a baranda.

"Bilqis! Bilqis, don Allah ki buɗe!"

Ya riƙe ragar ƙofar da hannu biyu, hularsa a karkace, idonsa jajir. Hafsa ta yunƙura za ta rufe ta katakon, Bilqis ta riƙe hannunta. Ta share fuska da mayafi, ta taka har gaban ragar.

"Maƙwabci, lafiya? Wani girkin ake so?"

"Kar ki yi min haka, don girman Allah. Ki saurare ni minti ɗaya, please."

"Ina jin ka."

"Wallahi ba da sanina aka ɗaura ba. Sai bayan an shafa fatiha Baba ya kira ni. Na rasa yadda zan yi. Kullum na zo zan faɗa miki sai in ga kina dariya, sai in kasa."

"Sai ka ci abincin ka tafi."

"Bilqis..."

"Ba a tambaye ka ba aka ɗaura, na yarda. Ɗazu fa? Wa ya riƙe maka baki ɗazu? Uwarka ta kira ni mai asiri, ta taɓa iyayena, kana zaune kana hura shayi!"

"Ba ki san Hajiya ba ne. Tana da hawan jini. Da na ce eh a gabanta, wallahi faɗuwa za ta yi. So nake in bi ta a hankali."

"Shi ne ka zaɓi ni in faɗi."

Hawaye ya gangaro masa. A da, ganin hawayen nan kaɗai ya isa ya karya mata zuciya. Yau sai ta ji yana ƙara hura mata wuta.

"Ke nake so," ya ce. "Allah Shi ne shaida. Ban taɓa son wata ba bayan ke. Ki ba ni lokaci kaɗan, Hajiya na komawa gida zan gyara komai."

"Ta yaya?"

Ya waiga dama da hagu, ya matso da bakinsa jikin ragar.

"Walida ba ta gabana. Ko hira ban taɓa yi da ita ba, ƙauyanci ya yi mata yawa. Hajiya na hawa jirgi zan sake ta. In sa ta a jirgi na gaba ta bi bayanta. Sai mu yi aurenmu a nan, kafin labari ya kai gida an gama."

Bilqis ta tsaya tana kallonsa. Wannan fuskar da ta daɗe tana gani a mafarki, yau kamar ba ta taɓa saninta ba.

"Ka saki 'yar mutane a ƙasar da ba ta san kowa ba? Yarinyar da aka yi wa lalle aka ɗauko daga gaban iyayenta, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba? Ita ma a bayan idon Hajiya za ka yi mata, kamar yadda ka yi min a gaban idonta?"

"Saboda ke ne fa!"

"Kar ka ƙara sa sunana a ciki! Ka wulaƙanta ni don ka faranta wa uwarka, yanzu za ka wulaƙanta ta don ka faranta min. Gobe kuma wa za ka wulaƙanta ni dominsa? Wallahi Zahraddeen, ko maza sun ƙare..."

Maganar ta maƙale mata.

A bayansa, daidai bakin matakala, Walida ce tsaye. Lufayar ta zame daga kanta ba ta ko sani ba. Fuskar yarinya ce ƙarama, kyakkyawa, hawaye na bin kumatunta ba sauti. Ba a san tun yaushe take wurin ba, amma idanunta sun nuna ba abin da ya wuce ta.

Zahraddeen ya bi kallon Bilqis ya juya. Hannunsa ya saki ragar.

"Walida... me kike yi a nan?"

"Hajiya ce ta aiko ni." Muryarta can ƙasa, tana sarƙewa. "Ta manta tabaranta." Ta haɗiye kuka. "Yaya Deen, ni ce za a sa a jirgi?"

"Ba ki gane ba ne. Wuce mu je sama in yi miki bayani."

Ya miƙa hannu zai kama ta. Ta ja da baya har ta bugi bango, tana girgiza kai. Ta dubi matakalar da za ta mayar da ita wurin Hajiya, ta dubi dogon barandan da ba ta san inda ya nufa ba. Sannan ta dubi Bilqis.

"Anti," ta ce, "don Allah."

Bilqis ta karɓi makulli daga hannun Hafsa. Ta buɗe kwaɗon, ta tura ragar daidai yadda mutum ɗaya zai wuce. Zahraddeen ya yi saurin sako ƙafa.

"Ba kai ba," ta ce.

Ta miƙa hannu ta bayan kafaɗarsa ta kamo hannun mai lallen, ta jawo ta ciki. Ta mayar da ragar, ta datse kwaɗon a kan idonsa.

"Ka hau ka faɗa wa Hajiya amaryarta na wurina. In tana son ta, ta sauko da kanta. Kuma ka zo tare da ita, don a gabanta za ka maimaita abin da ka faɗa yanzu."